Amana a Cikin Duro

Idan ka ga ina tafiya a karkace, kada ka ɗora laifin a kan aikin kamfani. Shekara goma sha tara na yi ina lodin fata a Challawa, bayana bai taɓa cewa uffan ba. Bishiya ce ta karya ni, kuma ba tawa ba ce, ba ma ta wanda ya riƙa sa ni ɗaukarta ba ce.

Sunana Habibu. Wanda ya sa ni ɗaukar kuwa shi ne Malam Uwaisu, maƙwabcina a gidan hayar Alhaji Uba da ke Panshekara, ɗakinsa na kallon nawa. Kamfanin fata ɗaya muke yi wa aiki, sai dai shi ba ya ɗaukar kaya. Aikinsa tantance fata. A shimfiɗa masa fatar akuya a kan tebur, ya shafa ta sau ɗaya, ya ɗaga ta ga haske, ya ce lamba ɗaya ce ko ta biyu ko ta banza, kuma ba a taɓa mayar masa da magana ba. Yakan gane akuyar da ta yi kiwo cikin ƙaya, da wadda kaska ta ci, da wadda mahauci ya feɗe cikin fushi. Mutum ne siriri mai ɗan gemu, wanda in ya tsinci maɓallin riga a hanya sai ya tsaya cigiya. Ina ganin girmansa ƙwarai, amma zama da irinsu akwai gajiya.

Abokinsa ɗaya ne a duniya, Lawan, mutumin wani ƙauye a wajen Magarya ta Nijar, wanda ke ban ruwan fulawa a wata masaƙa a Sharada. Da masaƙar ta rufe, wani injiniya Ba'indiye da zai koma ƙasarsu ya miƙa wa Lawan wata 'yar bishiya a bokitin fenti, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Lawan ma sai ya tashi tafiya gida. Ya zo da bokitin a bayan keke, ya dire a ƙofar ɗakin Malam Uwaisu, ya ce ya riƙe masa, sati biyu zai yi ya dawo. Ina wurin ina wanke takalmin roba. Na ji da kunnena Malam Uwaisu ya tambaye shi, “Amana ce?”

Lawan, wanda hankalinsa ya riga ya tafi tasha, ya ce, “Amana ce mana.”

Sati biyun nan su ne suka ci mana shekara goma sha uku.

Ba wanda ya san sunan bishiyar. Malam Uwaisu ya taɓa kai ganyenta da ya faɗi wa masu sayar da fulawa a bakin titi a Bompai, suka faɗa masa suna da Turanci, kafin ya dawo Panshekara sunan ya zame masa. Matan gidan suka sa mata 'Yar Lawan, aka zauna a haka.

Da wata biyu suka wuce ba labarin Lawan, matar Malam Uwaisu, Zuwaira, 'yar manoman Challawa ce gaba da baya, ta ce a haƙa rami a bayan gida a saka abin a huta. Malam Uwaisu ya ce atafau. Abin da ka saka a ƙasa ya zama na ƙasa, in mai shi ya zo me za ka miƙa masa? Amana dole ta zama abin da za a iya ɗagawa a ba mai ita hannu da hannu. Alhaji Uba ma, da ya ji zancen rami, ya zo da kansa ya ce ɗan haya ba ya dasa bishiya a gidansa, domin yau bishiya, gobe 'ya'yanka su ce ubansu yana da rabo a filin. Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da bakinsu ya zo ɗaya. Aka yanke wa bishiya hukunci: za ta rayu, amma ba za ta taɓa ƙasa ba.

Ita kuwa ba ta san an yi ba, ta ci gaba da girma. Saiwoyinta suka cika bokitin fenti, aka yanke jarka aka mayar da ita ciki. Ta cika jarka, aka koma rabin duro. Kowane sabon mazubi sai Malam Uwaisu ya huda gindinsa da ƙarfe mai zafi don ruwa ya riƙa fita, ya jera tsakuwa, ya haɗa yashi da ƙasar gona da takin awaki da ya kwana biyu. Ya gano cewa ƙasar mazubi ba ta riƙe danshi, don haka a bazara sau biyu take shan ruwa a rana, kuma ruwan garuwa, ba na kwatar da ke fitowa daga kamfanoni ba, wanda yau shuɗi ne gobe ja. A kan mazubin yake alwala don kada ɗigo ya tafi banza.

Sai kuma ya gano tana son rana. In ta yini a inuwa sai ta yi ta ganye ba fure, har wani farin gari ya hau kan ganyen. Tsakar gidanmu kuwa siririya ce, rana tana faɗowa gefen ɗakina da hantsi, ta koma gefen ɗakinsa bayan azahar. To a nan na shigo labarin. Duk ranar da ba mu aikin safe, sai in ji sallama a ƙofata, “Habibu, rana ta juya.” Mu kama rabin duro cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa mu tsallaka da shi taku shida. Gobe mu dawo da shi. Ranar da shif ɗinmu, wato lokacin aikinmu, ya saɓa, ya yi musanya da wani don ya dace da nawa. Mutane suna canza shif saboda suna ko jana'iza, mu saboda bishiya muke canzawa, kuma har yau ban san abin da ya sa ban taɓa ce masa a'a ba.

Sanyin farko da ta zubar da ganyenta kaf ta zama sanda, kwana biyu bai ci abinci ba. Ya ci gaba da ba sandar ruwa yana istigfari, har bazara ta shigo ta yi toho. Amma babban tashin hankalin a shekara ta huɗu ya zo, lokacin da ɓawonta ya fara salewa yana faɗuwa falle-falle, ƙarƙashinsa sumul. Daga baya muka gane haka halittarta take, duk shekara tana sake riga. Malam Uwaisu bai ga haka ba. Shi mutumin fata ne, kuma a wurinsa fatar da ta fara salewa fatar da ta fara ruɓewa ce. Ya shafa jikin bishiyar sau ɗaya, ya girgiza kai, ya ce an makara amma za a gwada. Abin da ake yi wa fata a kamfani don kada ta lalace shi ya yi: ya samo gishiri kwano guda, ya goge mata jiki da shi tun daga sama har gindi, abin da ya rage ya barbaɗa a kan ƙasar, ya bi da ruwa don ya shiga sosai.

Kwana uku ganyen ya ƙone ta baki-baki ya fara zubewa. Ya ce cutar ce ke fita, ya yi shirin ƙaro gishiri. Allah Ya sa ranar yana aikin safe, ni kuma ina hutu. Zuwaira ta jira fitarsa, ta kira ni, muka kwantar da rabin duron muka zare bishiyar, ta wanke saiwoyin tas a baho, ta zubar da ƙasar, ta aika aka ɗebo sabuwa daga gonar babanta. Da ya dawo ya tarar an taɓa amana ba da izininsa ba, ya buɗe baki zai yi faɗa, ta riga shi.

“Malam, abin da ya mutu ake sa wa gishiri. Wannan da ranta ka same ta.”

Ya shiga ɗaki, ya fito da tsintsiya, ya tattara ɓawon da ya zube ya zuba a buhu, domin shi ma na Lawan ne.

Maganar buhu ke nan ta fara. Masu fulawa sun gaya masa in ana son fure sai an rage mata rassa kafin ta yi sabon toho, domin a sabon reshe take fure. Ya kasa sa mata wuƙa sai da ya tare limamin unguwa bayan sallar azahar ya tambaye shi ko ya halatta a yanke wani abu daga jikin amana. Liman ya ce in don amfanin abin ne ba laifi. Ya ce to rassan da aka yanke fa? Liman, wanda abincinsa ke hucewa a gida, ya ce ya ajiye wa mai shi. Da wannan amsar ta rabin minti muka samu damin ƙirare goma sha ɗaya a saman kwanon banɗaki, a gidan da mata ke neman itacen hura wuta ido rufe.

Furen kuwa, in damina ta sauka, ba a magana. Ruwan hoda ne, cunkus a kan kowane reshe, kowace ƙwaya a yamutse kamar ɗankwalin da aka ciro daga ƙasan akwati. A unguwar da iska ke kawo mana warin kamfani safe da yamma, mutane har leƙowa suke yi ta zaure don su gani. Malam Uwaisu kaɗai ne ba ya yarda ya daɗe yana kallo, wai jin daɗin abu na mai abu ne. Furen da ya zube ya share ya shanya ya ɗura a buhu. Da ta yi girman da take ba da inuwa, mata suka mayar da ƙarƙashinta wurin kitso, shi kuwa ya shimfiɗa tabarmarsa a rana taku biyu daga inuwar, yana gumi, yana cewa in Lawan ya zo zai roƙar musu yafiya. Amma ni da ɗakina ke kallon nasa na sha kama shi ya ɗaga labule kaɗan yana satar kallonta, bakinsa na motsi.

A shekara ta tara aka mayar da ita cikin cikakken duro, irin shuɗin nan na kamfani, bayan ya wanke shi kwana bakwai. Daga nan ta fi ƙarfinmu. Muka dire ta a kusurwar da simintin ya fashe, inda rana ta fi daɗewa, na yi wa Allah godiya a bayyane. Abin mamaki, daga shekarar ta ƙara kyau, ko an makara da ruwa ba ta yaushi. Malam Uwaisu ya ce hannunsa ne ya faɗa da aikin.

Duk tsawon shekarun nan bai daina neman Lawan ba. Lambar wayar da ya bari ta mutu tun watan farko. Don haka duk mutumin Nijar da ya zo aiki Challawa, mai gadi ne, mai shayi ne, ɗan lodi ne, in zai tafi ganin gida sai Malam Uwaisu ya bi shi har bakin titi ya ce in ya ga Lawan na wajen Magarya ya gaya masa kayansa na nan, ya zo ya karɓa. Da shekaru suka ja, furfura ta cika gemun, sai saƙon ya ƙara zafi. Abin da yake tsoro ɗaya ne, kuma ya faɗa min ba sau ɗaya ba: kada mutuwa ta same shi da kayan wani a wuyansa.

Saƙon ya isa. Ba ɗaya ba, daga baya muka ji har masu tallan goro a kasuwar garinsu Lawan suna tare shi su ce ana nemansa a Kano ya je ya kwashe kayansa.

Wata Asabar a tsakiyar damina, bishiya ta yi fure har rassan sun sunkuya, sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Lawan ya fito, ya tsufa, ya rame, haƙoransa na gaba sun tafi. Suka rungume juna, suka yi gaisuwar da ta kai rabin awa, aka lissafa waɗanda suka mutu ta kowane ɓangare. Sannan Malam Uwaisu ya kama hannunsa ya kai shi gaban duro ya ce ga kayansa. Lawan ya ɗaga kai ya bi bishiyar da kallo har sama, ta wuce katanga. Sannan ya yi salati a hankali.

Da Malam Uwaisu ya shiga ɗaki fito da buhunan fure, Lawan ya ja ni gefe. Ya ce shi wallahi ya manta da bokitin nan tun a hanya, rashin lafiyar mahaifiyarsa ce ta riƙe shi, daga nan noma ya riƙe shi. A garinsu rijiya gaba talatin ce, ruwan sha ma da ƙyar, ina zai kai wannan? Amma mutum ya yi shekara goma sha uku yana aiko maka ka zo ka sauke masa nauyi, ai ba ka da fuskar da za ka ce ya ci gaba da ɗauka.

Na ji daɗi, na ce ashe abin mai sauƙi ne. Na bi Malam Uwaisu ɗaki, na tarar da shi tsaye riƙe da buhu, bai ɗaga ba bai ajiye ba. Na gaya masa Lawan ba ya so, ku ce ya bar muku kawai. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce Lawan kara yake yi masa, mutumin da ya ɗauko mota tun daga Nijar ai yana son kayansa, kuma shi ba zai roƙi abin da aka ba shi ajiya ba. Na koma wa Lawan na ce mutumin nan ransa a kan bishiyar yake, ka ce ka ba shi. Lawan ya ce Uwaisu kara yake yi masa, in ya ce ya ba shi ai ya ƙara ɗora masa wahala ke nan, kuma ba zai iya ƙi ba. Sau uku ina kai da kawo a tsakar gidan da bai fi taku shida ba. Zuwaira ta tsaya a bakin madafi tana kallonsu, ta ce ita ba ta taɓa ganin dattawa biyu masu kirki sun haɗu sun yi ɓarna irin wannan ba.

Na kira abokan lodina biyar. Muka kama duro mu shida, mutanen da ke ɗaga damin ƙirgi kamar wasa, muka yi bisimilla muka ja. Ko gezau. Muka sake, har wani ya zame ya zauna a kwata. Sai muka karkata shi gefe, na kwanta na leƙa ƙarƙashi. Wata saiwa mai kaurin hannuna ta bi ta hujin da Malam Uwaisu ya huda, ta tsaga robar, ta nutse cikin fashewar simintin. Shekara huɗu ke nan bishiyar tana shan ruwanta daga ƙasar Alhaji Uba, mu muna nan muna yaba hannun Malam.

Na miƙe na ce to ga mafita Allah Ya kawo, abu ya kama ƙasa, a bar shi inda yake, ba wanda ya roƙi wani. Lawan ya dubi Malam Uwaisu, kuma na rantse idonsa roƙo yake yi. Malam Uwaisu bai dube shi ba, saiwar yake kallo.

“Ashe shekara huɗu amana tana zubewa a hannuna ban sani ba,” in ji shi. “Lawan, ka yafe min.”

Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙarsa ta aiki. Mutumin da bai taɓa yi wa fata tabo ba, ranar sai da ya yi yanka huɗu kafin saiwar ta rabu. Muka ɗaga duro, muka kwantar da shi muka fitar ta zaure, fure na zuba a kanmu. Aka bi da buhunan fure tara, da na ɓawo, da damin ƙirare. Malam Uwaisu ya tsaya yana yi wa Lawan bayanin ruwa da rana da lokacin rage rassa, ya ce kuma ko ɓawo ya sale kada a sa mata komai. Lawan yana ta cewa to, to, kansa a ƙasa. Kafin ya hau mota ya ba ni sabuwar lambarsa na sa a wayata. Motar ta tashi, kan bishiyar na kaɗawa a baya, yara suka bi ta da gudu har kwana.

Malam Uwaisu ya ce alhamdulillahi, yanzu ko yau aka kira shi ya shirya. Ya faɗa sau uku, kuma ko sau ɗaya ban yarda ba.

Abin da ya rage a kusurwar shi ne zagayen tabon ƙasa a kan siminti. A wurin ya ci gaba da alwala, yana tsugune yana fuskantar bango. A kamfani, karo na farko a tarihinsa, aka dawo masa da fata ashirin da ya ba lamba ɗaya alhali ta uku ce. Zuwaira ta ce tuwon da take zuba masa kusan yadda ya shiga yake fitowa. Ni da na yi shekaru ina addu'ar Allah Ya raba ni da bishiyar nan, sai na samu kaina ina jin haushin hasken da ya cika tsakar gida. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, domin da bakinsa ya iya furta kalma uku da duk ba a yi haka ba.

Sati biyar bayan tafiyar, ranar wata Juma'a da hantsi, na ji sallama a ƙofata. Na fito na same shi tsugune a kusurwar. Daga cikin fashewar simintin, inda guntun saiwar ya rage a ƙasa, wasu tsirrai biyu sun leƙo, ganyensu ja-ja, ba su fi tsawon yatsa ba. Ya riga ya kawo tsohuwar tukunyar Zuwaira da ta huje, ya cika ta da ƙasa, yana tono gefen saiwar da cokali a hankali don ya ciro su da jijiyarsu kafin Alhaji Uba ya gani.

Na ce, “Malam, wannan kam taku ce.”

Ya ce a'a, daga jikin kayan Lawan ta fito, ragowar amana ce, dole a riƙe masa har ya zo. Ya faɗa da murya irin ta wanda aka ɗora wa nauyi, amma fuskarsa ta ƙi ba shi haɗin kai, rabon da in ga haƙoransa tun ranar da motar ta tashi.

Na zaro wayata na ce to ai abin ya zo da sauƙi, ga lambar Lawan, bari in kira shi yanzu ya san da ita.

Ya saki cokalin ya riƙe min hannu, da ƙasa da komai a yatsunsa.

“Habibu, mayar da wayar nan aljihu,” in ji shi. “Mutumin yana da nisa. Kada a dame shi.”